Sun mamaye turken jirgin mahaifina a bakin kogi, in yanke igiyarsu ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema amma a sakaya sunana. Mahaifina Allah ya jiƙansa masunci ne, yana da lambu a bakin Kogin Kaduna, a ƙarshen lambun akwai mashigi da shi da kansa ya gyara, ya jera duwatsu ya yi matakala, ya kafa turaku biyu na ƙarfe ya zuba musu siminti, nan yake ɗaure kwale-kwalensa tun muna yara. Akwai wani amininsa da muke kira Baba, da ruwa ya cinye nasa wurin sai mahaifinmu ya ce ya riƙa ɗaurewa a turke ɗaya, ba kuɗi ba takarda. Bayan rasuwarsa jirginmu ya ruɓe, ni kuma na tafi neman kuɗi kudu na yi shekara 6. Bana na dawo na sa aka yi min sabon jirgi, sai na tarar 'ya'yan Baba sun ɗaure jirage uku a wurin, suna sauke yashi, har kuɗi suke karɓa wajen wasu masu jirgi kafin su bari su ɗaure. Da na yi magana babbansu ya ce min kogi ba na uban kowa ba ne. Na ɗaure nawa haka nan, satin da ya wuce cikin dare suka kwance shi suka mayar da shi ƙasa wajen duwatsu, ya bugu ya tsage a gefe, wai ruwa ne ya ƙaru shi ya sa. Abokaina sun ce ko dai in yanke igiyoyinsu ruwa ya tafi da jiragen, ko in zagaye wurin da waya in sa kwaɗo. Mahaifiyata kuma ta ce in bar su da Allah, don Baba ne ya tsaya a kan komai lokacin rasuwa kuma ya sha kawo mana kifi da hatsi bayan nan. Wallahi raina a ɓace yake Malam. Wurin nan nawa ne ko ba nawa ba ne? Me zan yi?

Daga wani ɗan masunci a Kaduna

Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarka kuma inaga ba tsagewar jirgin ce ta fi ƙona maka rai ba, wannan kalmar ce ta "ba na uban kowa ba", a faɗa maka ita kana tsaye a kan duwatsun da ubanka ya ɗauko da kansa ya jera, kuma ɗan mutumin da aka yi wa alfarma ne ya faɗa. Duk ɗan halak zai ji zafi, kada ma wani ya ce maka ka cika fushi. Amma tunda ka tsaya ka tambaya kafin ka ɗauki wuƙa, toh bari mu bi abun a hankali.

Maganar yanke igiya dai ka cire ta daga ranka gaba ɗaya, kuma abokan da suka ba ka shawarar nan ina zargin ba 'yan bakin ruwa ba ne, don wanda ya taso a cikin masunta ya san babu abin kunya kamar a ce ka saki jirgin wani. Kai ka fi ni sanin yadda kogin nan yake gudu a Agusta da Satumba, jirgin da aka kwance ba kowa a ciki ko ya je ya daki ƙafar gada ya tarwatse, ko ya yi karo da wani da ke tsallakar da mutane, ko yara su gan shi ya maƙale a ciyawa su faɗa ruwa don su kamo shi, kaga daga rigimar turke an koma maganar rai. Ko ba a kai nan ba, da safe kai ne mai laifi, 'yan sanda za su zo su tafi da kai a kan ɓarnar dukiya da gangan, tsagewar naka jirgin kuma babu wanda zai sake tuna ta. Sannan ka tuna naka jirgin ma a bakin ruwan yake kwana kai kana gida kana barci.

Yanzu tambayarka, wurin naka ne ko ba naka ba. Gaskiya yaron nan, duk da rashin kunyar da ya yi, rabin maganarsa daidai ce. Ruwan kogi ba naka ba ne, ba na mahaifinka ba ne, ba kuma nasu ba. A addini akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. A dokar ƙasa ma haka, Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garin nan ya wuce Shiroro da Zungeru har ya faɗa Kogin Kwara (Neja) can wajen Muregi, tunda ya ratsa jiha fiye da ɗaya dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sa ikonsa a hannun gwamnatin tarayya, ta kuma bar wa kowa damar ɗiba don amfanin gida da kamun kifi da tuƙa jirgi. Akwai kuma hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 hedikwatarta na Lokoja, Kogin Kaduna na cikin kogunan da dokarta ta lissafa, kuma a 1997 ɗin dokar ta ba ta iko da mita 100 daga bakin ruwa zuwa tudu. Jihar Legas ta ja da ita a kan ikon hanyoyin ruwa har Kotun Ƙoli, a Janairun 2024 kotu ta ba NIWA gaskiya. Ita kanta ƙasar da lambun yake kai, tun dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna take amana, abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. Na kawo maka duk wannan ne don ka ga shawara ta biyu ma, ta zagaye bakin ruwa da waya da kwaɗo, ba za ta tsaya ba, in rigima ta kai gaban hukuma kai za a fara tambaya wa ya ba ka izinin toshe gaɓar kogi.

Amma ɗaya rabin maganar tasa shirme ne. Ruwa ne na kowa, turken ƙarfe ba ruwa ba ne ya kawo shi, da kuɗi aka saya aka haƙa rami aka zuba siminti, matakala ma haka, hanyar da ake bi ta cikin lambu a sauko mashigin ma haka. Waɗannan na gidanku ne. Kuma al'adar bakin ruwa ko'ina ka je ita ce wanda ya share wuri ya kafa turke an san wurin da shi, ko ba ya nan za ka ji ana cewa mashigin wane, baƙo in ya zo sai ya nemi izini, in ma larura ta sa ya ɗaure ba izini to mai wuri na zuwa zai matsa ba sai an ce masa ba. Akwai hadisi a Muslim cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sannan ya dawo shi ya fi cancanta da wurin. Don haka abin da kake da shi shi ne turakun da fifikon ɗaure jirgi a wurin da ikon cewa wa zai bi ta lambunku, ba ka da ikon hana jirgin kowa wucewa ko tsayawa a ruwan da ke gabanka. In ka riƙe wannan iyakar ka yi magana a cikinta babu dattijon da zai ƙi ba ka gaskiya.

Sai dai akwai abin da ba ka faɗa min ba, kana ta cewa nawa nawa, shin an raba gadon kuwa? In ba a raba ba to lambun da turakun na dukkan magada ne, har da mahaifiyarka da ke da tumuninta da 'yan'uwanka mata in akwai su, kenan ba kai kaɗai za ka yanke hukunci ba kuma maganar Hajiya ba ta uwa kawai ba ce, ta mai haƙƙi ce. Ku zauna a gida tukuna ku daidaita baki, ku duba ko akwai wata takarda ta lambun, ko ta sayi da hatimin mai unguwa ko ta hakimi, in akwai hali ka leƙa KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ka ji matsayin filin a wurinsu. Ba don gobe za a shiga kotu ba, don dai ka san inda ƙafarka take kafin ka ɗaga murya.

Kan maganar Hajiya ta a bar su da Allah, na fahimce ta sarai, mace ce da ta ga wanda ya tsaya mata ranar da gida ya yi duhu kuma ba ta son a ce ɗanta ya dawo daga kudu da 'yan kuɗi ya kori aminin ubansa. Ka girmama wannan. Amma ka yi mata bayani cikin ladabi cewa yin shiru kwata-kwata yana da nasa haɗarin, saboda a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi akwai hauzi, mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai wurin yana nan yana gani bai ce uffan ba kuma ba wani uzuri da ya hana shi, to in ya zo daga baya yana da'awa ba lallai a saurare shi ba, tsakanin dangi ne ake tsawaita wa'adin har shekara 40. Abin da ke karya hauzi shi ne a tabbatar tun asali aro ne ko haya ko jingina. Toh su wa suka san aro ne? Mahaifinka ya rasu, saura Baba da 'yan tsirarun tsofaffin masunta, ranar da babu su 'ya'yansa za su ce sun taso sun ga ubansu na ɗaurewa a nan shikenan, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kenan abin da ya fi gaggawa shi ne Baba ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu tun yana da rai da lafiya cewa wurin na amininsa ne aro aka ba shi. Wannan ba cin mutuncinsa ba ne, kuma ina kyautata zaton dattijon da ya yi muku abin da ka lissafa ba zai musa ba.

Su ma yaran ka ɗan tsaya a inda suke ka duba. Shekara 6 ba kowa a wurin sai su. Bakin kogin nan ba ya zama yadda aka bar shi, duk wanda ya ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ya san yadda ruwa ke cin gaɓa ya zubar da yashi inda babu da, kowace damina sai an sake gyara mashigi an cire itace da shara da ruwa ya kawo, kuma da ba su zauna a wurin ba ina tabbatar maka wasu da ba ku haɗa komai da su ba ne za su zauna, ko ma ɓarayin ƙarfe su tone turakun su kai wa 'yan gwangwan. A ganinsu su suka raya wurin kai kuma ka faɗo daga sama kana cewa a tashi, ga shi abincinsu a nan yake. Wannan bai ba su mallaka ba, bai kuma halatta musu karɓar kuɗi a kan abin aro ba tare da sanin masu shi ba, wannan kam sun wuce gona da iri, amma ya ba su haƙƙin a yi musu magana kamar waɗanda suka yi wahala, ba kamar ɓarayi ba.

Batun daren nan kuma kada ka yi saurin yanke cewa mugunta ce, kada kuma ka karɓi uzurinsu haka kawai. Ka san in an yi ruwa mai yawa can sama kogin kan ƙaru cikin dare ko da a nan garin ba a yi ɗigo ba, jirgin da aka ɗaure da gajeriyar igiya a gindin turke, ruwa na hawa jikin jirgin na ɗagawa igiyar kuma na janyo kansa ƙasa, tun yana ɗan karkata har ruwa ya fara shiga ta baki, kafin asuba sai dai ka ga turke da igiya a miƙe cikin ruwa. A irin wannan halin ne kaɗai aka yarda mutum ya taɓa igiyar wani, ya sassauta ta ko ya ƙara mata tsawo, ya kwarfe ruwan da ya shiga, gari na wayewa ya aika a gaya wa mai jirgi. Toh ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaya ka ɗaure shi a daren, ka bar wa igiyar sarari? Sannan ka tambayi masu kwana a bakin ruwa, da gaske ruwa ya hau a daren? Alamar ma tana nan a jikin matakala da ciyawar gefe. In ya hau, to suna da rabin uzuri, amma tambayar da za su amsa ita ce me ya sa ba a sassauta igiyar a bar shi a inda yake ba, me ya sa nasu uku suka kwana a turke naka ne kaɗai aka kai wajen duwatsu, kuma me ya hana a buga maka waya. Wanda ya ɗauke kayan mutum daga inda ya ajiye ba da izininsa ba ya kai inda suka lalace, gyara na kansa, wannan ko a gaban wa aka je. Ka ɗauki hoton tsagewar da wayarka yanzu kafin a taɓa, ka kira mai gyaran jirgi ya duba a gaban mutum biyu ya faɗi abin da zai ci, ko cusa tsumma da kwalta zai isa ko sai an canza katakon.

Abin da nake so ka yi, kada ka sake yin magana da yaran a bakin ruwa, wurin da ake sauke yashi ana ihu ga 'yan kallo, ba abin da zai fito sai zagi. Gidan Baba za ka je, bayan la'asar ko bayan isha lokacin da yake zaune, ka tafi da baffanka ko kawunka, ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Ka fara da godiya, ka ambaci abin da ya yi muku ɗaya bayan ɗaya don ya san ba a manta ba, sannan ka ce Baba na dawo gida zan ci gaba da sana'ar amininka, na zo ka nuna min yadda za mu zauna da 'yan'uwana a mashigin nan. Ka bar shi ya yi magana. Akwai yiwuwar bai ma san ana karɓar kuɗi ba, tsofaffi da yawa in ƙarfi ya ƙare yara ba sa gaya musu komai. Maganar tsagewar jirgi baffanka ne zai kawo ta, ba kai ba, kuma ita ce ta ƙarshe.

Tsarin da nake ganin zai yi adalci shi ne turke ɗaya ya dawo hannunka kai kaɗai, ko jirginka na ruwa ko yana tudu ba mai ɗaurewa sai ya tambaye ka, ɗayan kuma a bar wa gidan Baba kamar yadda mahaifinka ya yi, don janye alherin da mamaci ya yi ba abu ne mai kyau ba kuma shi ne zai kwantar wa Hajiya da hankali. Sauran jiragensu biyu su kafa nasu turken da kuɗinsu ɗan nesa kaɗan, yadda in iska ta taso jirage ba za su riƙa gogar juna ba, a rataya tsofaffin tayoyi a gefe. Kuɗin da ake karɓa wajen baƙi ko dai a daina, ko a mayar da shi na gyaran mashigi da sanin kowa a ajiye a hannun mutum ɗaya da aka yarda da shi. Yashi kuwa ni da za a bi tawa a matsar da saukarsa daga matakalar, saboda nauyinsa da zirga-zirgar masu lodi su ne ke rusa gaɓa, balle in tifa na shigowa ta gefen lambun. Ku yi musayar lambar waya, a yarda duk wanda ya ga jirgin wani cikin haɗari zai kira kafin ya taɓa, in ba a same shi ba a sassauta igiya kawai kada a canza masa wuri. Duk wannan a rubuta a takarda ɗaya da Hausa, a sa cewa turakun na magadan wane ne kuma zaman gidan Baba aro ne, Baba ya sa hannu ko ya dangwala, mai unguwa da sarkin ruwan yankinku ko shugaban masunta su shaida, kowa ya riƙe kwafi.

Kuɗin gyara kuma, in sun amsa laifi sun ba da haƙuri ka ga da gaske suke, ba laifi ka yafe rabi ko ma duka saboda Baba, wannan kyauta ce daga gare ka kuma tana da daraja ne bayan an tabbatar haƙƙinka ne. In ka yafe tun kafin a yi maganar za a ɗauka dama ba ka da gaskiya.

In kuma Baba ya ce yaran sun fi ƙarfinsa, ko suka ƙi zama, sai ka kai wa mai unguwa da sarkin ruwa, in ya gagara a wuce wurin hakimi, kotun shari'a ce ta ƙarshe kuma ko can ka je ka nemi abin da yake naku, wato turaku da hanyar lambu da kuɗin gyara, kada ka je kana cewa an ƙwace maka kogi. Akwai ma wata hanyar in ka ga kai ba kullum za ka riƙa shiga ruwa ba, ku ba su hayar wurin a rubuce da ɗan abin da za su riƙa ba Hajiya duk wata, biyan hayar kansa shaida ce cewa wurin ba nasu ba ne. Kafin a gama duk wannan, in an gyara jirgin kada ka mayar da shi tsakiyar nasu, ka roƙi wani daga abokan mahaifinka ya ba ka gefen turkensa na ɗan lokaci, ka sa sarƙa da kwaɗo amma ka bar mata tsawon da ruwa zai hau ya sauka, ka ba mai wurin makulli ɗaya saboda dare. In kana da niyyar tsallakar da fasinja da shi ka tanadi rigunan kariya ko da 'yan kaɗan ne, kuma ka bar tuƙin dare, NIWA ta hana. Ka gaida min Hajiya, in kun zauna da Baba ka rubuto ka gaya min abin da ya ce.